Kangon Shato Gayar da ganuwoyinmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wani kango da ke Nomandi a ƙasar Faransa, domin labarinsa ya shafe mu.

Shato Gayar sansanin dutse ne da Sarkin Ingila Rishar, mai laƙabin Zuciyar Zaki, ya gina daga 1196 zuwa 1198 a kan tsauni da ke kallon kogin Sen, don tsare hanyar birnin Rouen. Katanga uku ce, ɗaya cikin ɗaya. Ta can ciki an yi mata lanƙwasa-lanƙwasa kamar bakin ƙwarya, saboda dutsen majaujawa ya zame, kuma maharbi ya iya ganin gindin bango.

Sarkin Faransa Filif na Biyu ya kewaye shi daga ƙarshen 1203 har 6 ga Maris 1204. Dubi yadda ya faɗi. Katangar waje, an cike gwalalo, aka haƙa rami ƙarƙashin hasumiya, aka tokare da itace, sannan aka cinna wuta. Itacen na cinyewa, hasumiyar ta rufta. Ta biyu, sojoji sun shiga ta gefen ɗakin ibada da Sarki Jon, magajin Rishar, ya ƙara daga baya ba tare da lura da tsaro ba. Ta uku kuwa, gadar ƙofar da aka sassaƙa daga dutsen kansa ita ce ta yi wa masu haƙa laima. Abin tausayi, ɗaruruwan mutanen gari da aka kora daga ciki sun kwana hunturu tsakanin mayaƙa biyu, yunwa ta kashe da yawa.

Amma duk wannan bai mayar da shi kango ba. A 1599 Sarkin Faransa Anri na Huɗu ya ba da umarnin rushe shi, aka buɗe ƙofa ga masu kwasar duwatsu don gine-ginensu. Sai a 1862 aka sa shi cikin kayan tarihi.

Ganuwar Birni da Sarki Tanimun ya gina a Damagaram ta ƙasa ce, ta fi dutse rauni. Ruwan damina daga gindi yake cin ta, ramin masu ɗibar ƙasa don tubali ya ƙarasa. Ina kira ga hukumomin gari da sarakunanmu su hana haƙa kusa da ganuwa, su fitar mata da magudana, a yi yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko.

Wassalam,
Wani malamin tarihi, Tawa