Littafin bashin Kawu ya hau intanet

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Tun ƙaramar Sallah rabon da in ji ɗuriyarka, sai dai hoton nan da ka saka a gaban dala ka wani harɗe hannu kamar kai ka gina ta. Dama farashin laftop a can nake son tambayarka, amma bari in fara amayar da abin da ke cina.

Sabar tawa ta tashi! Ka tuna littafin bashin Kawu na Kantin Kwari, wanda ruwa ya jiƙa har aka kusa raba zumunci da Hajiyar Gwarzo kan turmin atamfa? Shi na mayar API, wato hanyar da manhajar waya ke magana da kwamfutar da ke ajiye bayanan ta intanet. Jiya yaron shago ya shigar da bashin wani kwastoma ta wayarsa daga kasuwa, ni ina ɗaki na zuba wa baƙin allo ido, sai ga layi ya faɗo: POST, a gabansa 201. Wato saƙo ya iso, an rubuta shi. Ihun da na yi sai da Inna ta leƙo tana tambaya ko kunama ce.

Na san kai a kwalliyar shafi ka tsaya, launi da maɓalli, shi ya sa kake ce min mai aikin da ba a gani. To ji yadda abin yake. Sabar shiri ce da ke zaune tana sauraro a wata ƙofa, tawa 3000 ce lokacin da nake gwaji a kwamfutata. Waya ta aiko da GET tana neman sunayen masu bashi, sabar ta leƙa rumbun bayanai, ta mayar da amsa a tsarin JSON, wani salon rubuta bayanai da manhajoji ke iya karantawa. In abin da aka nema babu, 404. In wanda ya aiko bai nuna ko shi waye ba, 401. In kuwa kod ɗina ne ya ruɗe, 500, kuma wannan lambar mun saba da juna sosai. Node.js na ɗauka da Express, kayan gina sabar da yaren JavaScript, rumbun kuma PostgreSQL. Dogo ya dage sai Django, wanda ake rubutawa da yaren Python, wai Python ya fi kama da maganar mutane, kuma tun 2005 ake amfani da shi alhali Node sai 2009 Ryan Dahl ya fito da shi. Na ce masa ai ba layin gado muke rabawa ba. JavaScript na riga na iya, me zai kai ni sabon yare?

Af, Dogon ma an kai kuɗin gaisuwarsa. Ba wadda kake zato ba ce, ƙanwarta ce. Sauran bayani sai ka kira.

Yanzu ga abin da ke hana ni barci. Kawu ya ga abin ya yi aiki, sai ya ce a sa mutane su riƙa biyan bashin ta nan. Na karanta bayanan Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na fara gwadawa. Farko dai da kwabo ake aika musu kuɗi, naira 5,000 sai ka rubuta 500000, sifili biyu suka kuɓuce maka ka yafe wa mutum bashi ba da niyya ba. Sannan idan an biya, su ne za su ƙwanƙwasa wa sabar tawa su sanar da ita. In ba ta amsa da 200 ba, wato "na karɓa", za su sake aikowa. Ka ga in ban adana lambar shaidar kowane biya ina dubawa ba, biya ɗaya zai shiga sau biyu, Kawu ya tashi da asara, ni kuma in tashi da ƙaura daga unguwa. Akwai kuma sa hannun da ke zuwa da saƙon, sai na lissafa nawa da makullin sirri na kwatanta, in ba haka ba kowane ɗan damfara zai iya aiko da "an biya" na ƙarya. Har yanzu makullan gwaji nake amfani da su. Kawu kullum sai ya ce "yaushe?", ni kuwa ina ta kame-kame.

Kalmar sirrin yaran shago ma ba na ajiye ta tsirara, bcrypt ke murɗe ta kafin ta shiga rumbu. Kawu ya so in riƙa buga masa su a takarda, don ya san ta kowa. Mun sha doguwar muhawara a kan wannan, kuma ban tabbata na ci ba.

Sabar ba a gida take ba, ka san halin wutarmu. Haya na kama a wani kamfani na waje, da dala ake biya duk wata, kuma nan ne nake son ka shigo. In katinka yana wucewa, ka biya min na wata mai zuwa, in ba Ɗan Auta nairar ya kai gidanku. Kada ka ce sai ka yi shawara, na san tallafin karatunku ya fito.

Inna tana gaishe ka, ta ce man zaitun ɗin da ka yi mata alkawari har yau shiru. Mai shayin bakin layi ma ya ce akwai ɗari bakwai ɗinsa a wurinka, kuma ya roƙe ni in saka shi a sabar.

Naka,
Mai aikin da ba a gani