Gas a ƙofar gidanmu, mu kuma muna layi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Ni mai tuwo-tuwo ce a bakin tasha nan Damagaram, kuma uwar ƴaƴa shida. Maganar gas ɗin girki ce ta sa na sa babban ɗana ya riƙe mini alƙalami.

Ranar Alhamis da ta wuce na aike shi da ƙaramar tukunya, mai kilo 6, a bayan kabu-kabu. Ya zaga wuri huɗu, daga Zango har Sabon Gari, ko'ina amsa ɗaya: "Babu, sai mota ta zo." A na biyar mai shagon ya duba gabas ya duba yamma, ya ɗaga wani tsohon buhu, sai ga cikakku an jera. Ya ce jika biyu da rabi, wato sefa 2,500, in bai yi ba a ba na baya wuri. Kuɗin da hukuma ta yanka, wanda har yara sun haddace, sefa 1,800 ne. Babbar tukunya 3,750. Yaron ya biya, don ya baro ni da miya a kan wuta. Da na haɗa da kuɗin kabu-kabu, ribar yinin ta tafi.

Abin da ke ci mini rai, Malam Edita, gas ɗin nan ba daga Kwatano ake ɗauko shi ba. Matatar mai ta SORAZ tana nan kan hanyar Tanut, kamar kilomita 50 daga gari, tana aiki tun watan Nuwamba na 2011. Ɗanyen mai yana zuwa mata ta bututu daga Agadem, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, gas ɗin girki kuma yana cikin abin da take fitarwa. Da idonmu muke ganin motocin dako suna ratsa gari. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

To ina yake shiga? Ba zan wanke kaina ba, ni ma ina cikin masu cinye shi, don babbar tukunya ba ta yi mini mako. Amma ni ɗaya nake ɗauka. Akwai masu manyan gidajen abinci da masu kiwon kaji da ke ɗumama ƴan tsaki lokacin sanyi, su kan zo da amalanke su kwashe goma a tashi ɗaya, tun mota ba ta gama saukewa ba. Sauran kuwa, tunda ya fi tsada a Najeriya, ku tambayi hanyar Magarya da ta Matamaye cikin dare.

Mu mata aka yi ta wa wa'azi a rediyo mu bar icce, mu koma gas, don hamada na cinye ƙasa. Muka ji. Ni sai da na ɗauki adashi kafin na sayi tukunya da kan murhu, kuma na ga amfani: idona ya daina zubar da hawaye, bayan tukwanena ya daina baƙi. Yanzu maƙwabciyata ta kifa tata tukunyar gas a lungu ta koma murhun duwatsu uku. Iccen da take hurawa kuwa daga gonakin mutane yake fitowa. Manoman Mirya da Magarya sun yi shekaru suna renon gawo a gonakinsu, ba don a sare a kawo mana a kan jaki ba.

Roƙona kaɗan ne. A tilasta wa duk mai sayar da gas ya rubuta kuɗin hukuma a ƙofar shagonsa da manyan baƙaƙe, a kuma ware wa masu ɗaukar goma-goma nasu wurin daban, kada su riƙa tsere da mai tukunya ɗaya. Ku kuma ku turo wakilinku ranar da mota ta sauke, ba tare da abin ɗaukar magana a hannu ba. Ya zo da tukunya kamar kowa, ya tsaya a layi, ya ji nawa za a ce masa.

Taku,
Mai tuwo-tuwo, unguwar Garin Malam, Damagaram