Kafin a ƙara wa mota girman birkin gaba a gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da matasanmu masu sha'awar motoci masu gudu, musamman masu BMW jerin 3 ƙirar E46, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006, kuma har yau tana cike titunan Kano da Kaduna da Abuja. Da yawansu sun koma kwance motarsu da kansu a ƙofar gida, kuma aikin da ya fi jan hankalinsu shi ne ɗora babban birkin samfurin 330i, mai babban inji, a kan ƙananan samfurori irin su 325i ko 328i ko 320i. Aikin yana yiwuwa ba tare da walda ko yanka ba. Sai dai akasarin masu yin sa sun ɗauka babban faifan birki, wato ƙarfen da ke juyawa tare da taya wanda birki ke kamawa, shi ke sa mota ta tsaya nan take, kuma ba haka abin yake ba.

Taya ce ke tsayar da mota. Idan birkin da ke jikinta yana iya sa ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara bugun ƙafa a busasshiyar kwalta, to ƙarfinsa ya riga ya fi abin da tayar za ta iya riƙewa, kuma ko faifan tirela aka sa mata tazarar tsayawa ta farko ba za ta ragu ba. Amfanin babban birki yana wajen zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 160 a sa'a tana ɗauke da kuzarin da ya ninka na kilomita 100 sau biyu da rabi, duk kuma zafi yake komawa idan aka taka birki, kaso mafi yawa a ƙafafun gaba. Faifai mai kauri da faɗi ya fi shanye wannan zafi, shi ya sa a taku na biyar ko na shida a jere yake ci gaba da kamawa lokacin da ƙaramin ya fara wari yana sulɓi. Wanda bai taɓa kai birkinsa ga wannan hali ba, ya sayi tayoyi masu kyau da sabon fad (abin da ke goga faifai idan an taka birki), ya sauya man birki, ya adana ragowar kuɗinsa.

Ga wanda ya dage, ga kayan. Faifan gaba na 325i da 328i faɗinsa milimita 300 ne, kaurinsa 22. Na 320i da 323i milimita 286 ne. Na 330i kuwa 325 ne, kauri 25. Faifan kaɗai ba ya shiga. Dole a haɗa da kalifa (maƙatar da ke matse fad a jikin faifai) biyu na 330i, na dama da na hagu, da ƙarfen da kalifar ke zaune a kansa guda biyu, da fad na 330i, da sifirin ɗin da ke danne kalifa ta waje, da sabuwar wayar gargaɗin ƙarewar fad guda ɗaya wadda ke zama a ƙafar gaba ta hagu, da lita ɗaya ta man birki DOT 4 a rufaffen gwangwani. Kalifa da ƙarfenta ana iya sayen na gwanjo a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, amma a duba robar da ke kewaye da fistin, wato ƙarfen da ke tura fad daga cikin kalifa, ba ta yage ba, fistin yana komawa ciki sumul idan an matsa shi, kuma ƙaramin notin fitar da iska bai karye a ciki ba. Faifai da fad kuwa sabo za a saya, irin su ATE ko Textar ko Zimmermann ko Brembo. Faifan 330i da kaurinsa ya sauka ƙasa da milimita 23.4 ya gama aiki, kuma wannan adadi a rubuce yake a jikinsa. Faifai mai huje-huje ya fi kyau a hoto, amma daga bakin hujin yake fara tsagewa idan ya sha zafi.

Abin da ke mayar da mutane kasuwa da rana tsaka shi ne rim. Birkin 330i ba ya shiga rim mai inci 16, sai 17 zuwa sama. A tuna da safaya ma, domin wadda ta zo da motar ba za ta ƙara shiga gaba ba. Idan tayar gaba ta yi faci a hanya, sai a ciro ta baya a kai gaba, a sa safayar a baya.

A ajiye mota a daɓen siminti, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya. A sassauta notocin taya da sifana 17 tun motar tana ƙasa, a ɗaga, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, kuma bulon siminti yana fashewa ba gargaɗi. Kafin a taɓa tiyon birki, a danna fedar birki zuwa rabi a tokare ta da sanda a jikin kujera. Hakan yana toshe hanyar mai daga masta, wato famfon da feda ke dannawa, sai man ya daina zuba idan an buɗe tiyo. A cire kan batir don kada fitilun birki su shanye shi.

A ɓanɓare sifirin ɗin waje da sukudireba, a riƙe shi da ɗayan hannun don yana tsalle. A ɗan sassauta tiyo a jikin kalifa tun tana ɗaure, don a nan ne ake da ƙarfin juya shi. A bayan kalifa akwai murafen roba biyu, a ƙarƙashinsu fil biyu da ake kwancewa da alanki 7. Ƙarfen kalifa yana ɗaure da manyan notoci biyu masu kai 16, faifai kuma ƙaramin sukuru ɗaya ke riƙe da shi, na alanki 6. Wannan sukurun yana yawan cin tsatsa. A tsaftace raminsa, a buga alankin ya zauna har ƙasa kafin a juya, in ba haka ba kan zai lalace a koma neman injin huji.

Wurin da aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci shi ne fuskar hob, inda faifai ke kwanciya. A goge ta da burushin waya da samfefa har ƙarfen ya yi fari, a shafa da yatsa a ji babu tudu ko ɗaya. Ɓarɓashin tsatsa da bai kai kaurin gashi ba a nan tsakiya, idan ya isa bakin faifai ya zama karkata, faifan ya riƙa taɓa fad a wuri ɗaya duk zagaye. Ba a jin komai a makon farko. Sai an yi tafiyar kilomita dubu biyu ko uku sitiyari ya fara rawa duk lokacin da aka taka birki, mai mota ya ce an sayar masa da jabun faifai, alhali dattin da ya bari ne. Sabon faifai yana zuwa da ɗan mai na hana tsatsa, a wanke fuskokinsa biyu da feshin wanke birki. Kananzir da gas suna barin maiƙo, kada a yi amfani da su. Bayan faifan ya zauna a juya shi da hannu a saurara. Idan yana gogar farantin ƙurar da ke bayansa, a ɗan tanƙwara farantin baya.

Ɗauri kuma da awo ake yin sa, ba da tsayin bututun da aka zura wa sifana ba. A ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm: sukurun faifai Nm 16, manyan notocin ƙarfen kalifa Nm 110, fil na kalifa Nm 30, notocin taya Nm 120 a ɗaure su a gicciye. Wanda ba shi da sifana mai awon ɗauri ya aro. Giris ɗan kaɗan ake shafawa a kunnuwan fad inda suke zamewa a kan ƙarfe, irin wanda ke jure zafi. Giris ɗin bayarin na yau da kullum yana kumbura robar da fil ke shiga, kalifa ta maƙale, fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa, mota ta riƙa ja gefe.

Kuskure biyu ne suka fi yawa wajen ɗora kalifa. Na farko musanya dama da hagu. Kowace tana ɗauruwa a kowane gefe, amma notin fitar da iska dole ya kasance a sama da tiyo, domin iska sama take taruwa. Idan ya koma ƙasa, ko gwangwani uku aka zuba feda ba za ta yi tauri ba. Na biyu murɗe tiyo. A wannan mota tiyon kai tsaye yake shiga jikin kalifa da zare, don haka kalifar ake juyawa a kan tiyo kafin a ɗaura ta, ko kuma a kwance tiyon ta sama inda ya haɗu da bututun ƙarfe. Bayan an gama a karya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a tabbata tiyon bai murɗe ba, bai miƙe tsam ba, bai kuma taɓa taya ko shokozoba ba. Tiyon da ya haura shekara ashirin a mota, ko da bai tsage ba, gara a sauya shi tunda an riga an buɗe layin.

Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa BMW ta ce a sauya shi duk shekara biyu. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Idan ya tafasa a cikin kalifa tururi ne ke cika layin, feda ta nutse har ƙasa. DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya shiga wannan mota sam. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare musu a hanya, wannan kam ba a ma kawo shi cikin zance. A cire sandar da aka tokare feda da ita, a fara fitar da iska daga ƙafar baya ta dama, sai baya hagu, sai gaba dama, sai gaba hagu. Mutum ɗaya yana danna feda ya riƙe, ɗayan ya buɗe noti da siririn tiyo mai gani-har-hanji a bakinsa, ya rufe kafin a saki feda, har sai mai ya fito garau babu kumfa. A riƙa leƙa tankin ana ƙarawa. Idan ya ƙafe iska ta shiga akwatin ABS, sai an kai wa mai kwamfutar mota ya kunna famfon kafin ta fita. Man da ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan da nan, yana cin fenti.

Fistin na 330i milimita 57 ne, na 325i kuwa 54, wato faɗin fuskarsa ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100. Saboda haka feda tana iya ɗan ƙara nisa kafin ta kama, wannan ba matsala ba ce muddin ta yi tauri ta tsaya. Fedar da ke ci gaba da nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa kuwa yoyo ne ko masta, kada motar ta fita. Haka kuma ƙarfin birki ya ƙara karkata gaba, don haka fad da faifan baya su kasance lafiyayyu. Fad na tsere ba na titi ba ne, ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, ga ƙara ga cin faifai.

Kafin a sa giya a danna feda sau da yawa har ta yi tauri, domin takun farko bayan aiki fanko ne. A mayar da kan batir, a juya makulli zuwa mataki na biyu ba tare da tayar da inji ba, a bar shi kamar daƙiƙa 30, fitilar gargaɗin fad za ta mutu. Sai a nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu jama'a, a taka birki da ɗan ƙarfi daga kilomita 80 zuwa 20 sau takwas ko goma ba tare da an tsaya cak ba, sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki ba don ya huce. Idan aka tsaya da ƙafa a kan feda faifai yana da zafi, fad zai bar tambarinsa a wuri ɗaya, rawar sitiyari ta biyo baya. Bayan kilomita 100 a sake gwada notocin taya da awo, a leƙa bakin tiyo biyun da matakin mai a tanki.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka, ya kiyaye mu a hanya.

Naka,
Wani makanike mai karanta jaridarka,
Kano.