Jami'a ko shagon sola? Amsa ga Alhajin da ya yi tambaya a taron iyaye

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zangon nan ka miƙe ka jefo mini tambaya, lokaci kuma ya ƙure ban ba ka amsar kirki ba. Ka ce babban ɗanka ya yi digiri, ya yi hidimar ƙasa, shekara uku ke nan yana yawo da takardu a hamata, ga ƙanensa ya gama sakandare bana. Ka sake zuba kuɗi a jami'a, ko ka kama hannunsa ka kai shi wurin masu haɗa sola tunda su ka ga suna cin kasuwa? A bainar jama'a ka tambaya, na kuma ga iyaye da yawa suna gyaɗa kai, shi ya sa zan amsa a fili.

Ka kai shi shagon. Amma kafin nan ka zaunar da shi, ka ba shi takarda da biro ka gwada shi da lissafin nan. A nan za ka gane ko shekara shidan da ya yi a sakandare ta bar masa abin cin abinci.

Gida ne mai ƙwan lantarki 6, kowanne wat 10, ana kunna su awa 6. Wat-awa 360 ke nan, wato yawan wutar da suka ci a yini. Fanka 2 masu wat 60, awa 8, sun ci 960. Talabijin mai wat 80, awa 5, ta ci 400. Ƙaramin firij a ƙaddara masa 1,000 a yini. Jimla 2,720. Akwai wutar da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket) da wurin cajin batir, sai a ƙara kashi 25 cikin ɗari, ya zama 3,400. A Arewa ana lissafi da awa 5 na rana mai ƙarfi, in aka raba 3,400 gida biyar a sami wat 680, wato farantan sola biyu masu wat 400 sun wadatar. Sai batir. Mai ruwa na bolt 12 da am-awa 200 a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kawai ake ci. Wanda ake zuƙewa ƙarƙaf kowane dare ba ya daɗewa. In gidan na buƙatar wajen 2,000 bayan faɗuwar rana, batir biyu ake so, a jera su su ba da bolt 24.

Me ya sa 24? Inbatar da ke jan wat 1,000 a bolt 12 tana zuƙar am 83 ko fiye, a bolt 24 kuwa wajen 42. Yaron da bai san wannan ba sai ya ɗauko wayar soket mai kauri 2.5 (murabba'in milimita), wadda ƙarfinta bai wuce am ashirin da 'yan kai ba, ya haɗa batir da inbata, alhali wurin mai kauri 16 yake so. Waya ta ɗau zafi, robarta ta narke, in babu fiyus kusa da batir sai dai a ji ihun gobara. Haka firij: lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa, inbatar da aka saya cif-cif sai ta yi ta ɗaukewa. Haka jera farantai har bolt ɗinsu ya zarce abin da kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin batir, ke ɗauka, ga iyakar a rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta. Haka haɗa sabon batir da tsoho, tsohon ya ja sabon su mutu tare. Faranti kuma kudu yake kallo, a karkace kaɗan, nesa da inuwar tankin ruwa, a riƙa wanke masa ƙurar hunturu.

Duba da kyau, Alhaji. Babu abin da ya wuce lissafin ƙaramar sakandare a nan: ninkawa, rabawa, kashi cikin ɗari, da karanta 'yar takardar da ke cikin kwali. Amma shi ne ke raba kuɗi a shago. Mai ɗaukar tsani da miƙa sukundireba kuɗin abinci yake samu. Mai hawa rufi ya ɗaure faranti ana sallamarsa da ladan yini. Wanda ya iya zagaya gida ya ƙirga kaya, ya rubuta ƙiyasi mai tsabta, ya gaya wa mai gida gaskiyar abin da kuɗinsa zai iya kunnawa, shi ke karɓar kwangila, riba kuma tasa ce. Su ukun duk masu sana'ar hannu ne, karatu ne ya jera su hawa-hawa.

Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2018, wanda ya tattara alƙaluman ƙasashe da dama, ya nuna kowace shekarar karatu tana ƙara wa mutum kusan kashi 9 cikin ɗari na abin da yake samu. Sai dai wannan matsakaici ne, kuma sai in an koyi wani abu a shekarar. A 2022 bankin da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. In yaronka ya kasa lissafin da na kawo, kada ka yi masa faɗa. Ka nema masa malamin lissafi na wata uku ko huɗu, da yamma bayan an tashi daga shago. Jami'a ba ta toshe wannan ramin.

Zaɓen ubangida shi ne inda iyaye suka fi sakaci. Ka je da kanka, ba aike ba. Ka tambayi yara nawa ya yaye da inda suke yanzu. Ka duba ko akwai mitar awon wuta a shagon, kuma ko yara na taɓa ta, ko kuwa shi kaɗai ke riƙe ta yana ɓoye ilimin. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: tsawon zama, shekara biyu misali, abin da za a koya masa a kowane wata shida, wa ke ɗaukar asara in ya ƙona kaya, da abin da za a yaye shi da shi. Rashin wannan ne ke sa yaro ya shekara biyar yana sayo wa maigida abinci da wanke masa babur. A Jamus mai koyon sana'a yana kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a aji, da kwangila da albashi da jarrabawa a ƙarshe. Mu da ba a tsara mana haka ba, uba ne zai haɗa wa ɗansa da hannunsa.

Kada a bar shi ba takarda. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai jarrabawar NABTEB, ta fasaha da kasuwanci. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ma tana da tsarin tantance ƙwarewar wanda ya koyi aiki a shago, irin masu sana'a na kasuwar Panteka ta Kaduna. Mai gidan da za a haɗa wa sola ba ya tambayar takarda, amma kamfani da asibiti da ƙungiya suna tambaya, manyan ayyukan kuma a wurinsu suke. Ƙofar boko ma ba ta rufe ba: JAMB duk shekara ake yi, difloma a kwalejin fasaha shekara biyu ce, kuma wanda ya taɓa waya da hannunsa ya fi gane abin da ake zanawa a allo.

In kuwa yaron yana da sakamako mai kyau kuma zuciyarsa na kan likitanci ko lauya ko injiniyanci, to waɗannan ba su da wata hanya sai jami'a, ka daure. Sai dai ka yi lissafinta da gaskiya. Digirin shekara huɗu kan zarce huɗu, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Sai shekarar hidimar ƙasa a kan alawus na naira 77,000, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Ka tambayi kanka wane ne ke ɗaukar masu wannan kwas ɗin aiki, kuma a wane gari.

Kada kuma ka ɗauka sana'a laya ce. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta horar da ƙwararrun masaƙa da makanikai, amma da wuta ta gagara, yadin waje mai araha ya cika kasuwa, aka rufe ta a 2002, ƙwarewarsu ba ta hana su zaman gida ba. Sola ta yi tashe ne saboda an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya gagari mutane. Yanzu kowa ɗansa yake turawa can, nan gaba kaɗan masu ɗaura faranti za su yi yawa, ladansu ya faɗi. Ya sa ido a kan abin da 'yan kaɗan suka iya: gyaran cikin inbata, batirin litiyam, famfon rijiyar burtsatse da na noman rani.

Babban kuma, mai digirin, kada a bar shi yana jiran takardar ɗaukar aiki. In ya iya rubuta wasiƙa da riƙe littafin shiga da fita, ya yi wa kasuwancin rajista a hukumar CAC, ya buɗe asusun banki da sunansa, ya riƙa bin makarantu da shagunan magani da ƙiyasi a hannu. Kafin a yaye ƙanen, shi ma ya riƙa bin su wurin aiki ko da ranar Asabar ce, don ya san bambancin waya mai 2.5 da mai 16 kafin ya sa hannu a takardar kowa.

A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Malamin aikin lantarki da ka yi wa tambaya