Zuwa ga Alhajin da ya tambaya ko takarda tana iya gano ciwon barci

Assalamu alaikum, Alhaji, Allah ya ƙara girma.

A taron wayar da kan direbobi da aka yi a Sabon Gari, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni yadda za a yi takardar da mutum ya cika da hannunsa ta gano yana da ciwon barci, alhali mai barci bai san abin da yake aikatawa ba. Kiran sallar La'asar ya katse mu kafin in ba ka amsar da ta dace, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta ta a fili, tunda a fili ka yi tambayar.

Kana da gaskiya, takardar ba ta yanke hukunci. Aikinta irin na rariya ne, tana ware waɗanda ya kamata likita ya ƙara duba su daga cikin mutane masu yawa. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne gwajin kwana, inda mutum yake barci da wayoyi a jikinsa suna auna numfashi, bugun zuciya, motsin ƙwaƙwalwa da yawan iskar da ke cikin jini. Wannan gwaji yana da tsada kuma wuraren yin sa kaɗan ne a ƙasar nan, don haka tilas a san wanda za a fara turawa.

Takardar da muka raba muku ta ƙunshi ma'auni biyu. Na farko ana kiransa Epworth, wanda Dakta Murray Johns ya fitar a Ostareliya a 1991. Yana kawo yanayi takwas, kamar zama ana karatu, ko zama a mota a matsayin fasinja na awa ɗaya, ko tsayawa a cunkoson hanya, sai mutum ya ba kansa maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yadda gyangyaɗi yake ɗaukarsa. Jimillar ba ta wuce 24, kuma wanda ya haura 10 ana ɗaukar cewa barcin ranarsa ya yi yawa. Na biyun, STOP-Bang, ya fito daga Toronto ta ƙasar Kanada a 2008, kuma shi ne ya fi kusa da tambayarka.

Ciwon da STOP-Bang yake nema shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Naman maƙogwaro yana saki, hanyar iska ta toshe na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma. Wani yakan yi haka sau talatin a awa ɗaya, ya tashi da asuba yana rantsuwa cewa bai ko juya ba, amma kansa yana ciwo, hawan jininsa ya ƙi jin magani, sannan gyangyaɗi ya same shi tsakanin Kwangila da Jaji da fasinjoji a bayansa. Waɗanda suka tsara takardar sun san mai barci ba ya shaidar kansa. Shi ya sa a cikin tambayoyi takwas na STOP-Bang, biyar abubuwa ne da ake iya aunawa ko dubawa: hawan jini, ƙiba, shekaru sama da 50, kasancewa namiji, da kaurin wuya da ya wuce santimita 40, wato kusan inci 16 a awon tela. Biyu kuma, minshari mai ƙarfi da tsayawar numfashi, amsarsu tana bakin wanda yake kwana kusa da kai. Gajiyar rana ce kaɗai aka bar wa mutum ya faɗa da kansa. Wanda ya amsa da e sau uku ya kamata ya ga likita, wanda ya kai biyar kuwa bai kamata ya yi jinkiri ba.

A nan ne zamanmu ya bambanta da na inda aka rubuta takardar. Maigida yana turakarsa, kuma uwargida tana jin nauyin ta ce a gaban baƙo mijinta yana minshari har ana ji a tsakar gida. Na sha ganin mutum ya rubuta a'a, matarsa tana gefe ta sunkuyar da kai tana murmushi. Akwai kuma tambayar Epworth game da kishingiɗa da rana, wadda duk mai ƙailula zai ba ta maki uku yana lafiya lau. Wanda ya cika takardar a watan azumi, tsakanin tahajjud da sahur, ko a tsakiyar bazara ba wuta ga sauro, makinsa zai hau ba tare da wani ciwo ba. Dole likita ya tambayi waɗannan da baki.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoro. Direban da yake zaton takardar za ta kai hannun mai mota zai cika ta da sifili daga sama har ƙasa, ya ƙara goro da shayi ya hau hanya. Saboda haka ra'ayina shi ne kada shugabannin tasha su karɓi waɗannan takardu, takardun su tsaya tsakanin mutum da likitansa. Ciwon yana da magani, daga rage ƙiba da kwanciya ta gefe har zuwa na'urar da ke hura iska ta hanci da dare, kuma wanda aka yi wa magani yakan ci gaba da tuƙinsa.

Da na duba takardarka, Alhaji, na ga ka bar tambayoyi biyu ba amsa. Ina roƙon ka koma da ita gida, Hajiya ta cika su, telanka ya auna maka wuya, sannan ka kawo mini ita tare da katin awon jininka.

Wassalam. Ɗanka, likita a Zariya.