Wasiƙa ga ɗana kafin ya hau Mambila da keke

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan karatunka. Nan gida kowa lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke tashi in sanyi ya shigo. Innarka ta nuna mini saƙon da ka turo mata, cewa kai da abokanka uku za ku ɗora kekunanku a mota zuwa Jalingo, daga can ku tuƙa har Gembu, babban garin tudun Mambila. Ita so ta yi in hana ka. Ban hana ka ba, don ƙasa ce da ya kamata ka gani da idonka. Amma na zauna can shekara shida ina aikin malamin dabbobi, daga 1983 zuwa 1989, tun ana jihar Gongola, kafin a fitar da Taraba a 1991, kuma rabin aikin a kan keke na yi shi. Saboda haka ka natsu ka karanta.

Na ga kun raba hanyar gida huɗu daidai wa daida, kamar masu rabon gado, kowace rana da kasonta. Ku yaga wannan lissafi. Daga Jalingo ta Garba Chede zuwa Bali, har Serti, ƙasa ce mai zafi, hanya na tashi tana sauka amma keke na gudu. Ku fita da an sallame asuba, ku fake a inuwa in rana ta take, la'asar ta same ku a garin da za ku kwana. Kafin ku bar kowane gari ku shiga tasha ku tambayi direbobi yadda gaba take. Su ne suka san inda gada ta karye da dajin da ba a ratsawa yanzu saboda masu satar mutane. In suka ce ku ɗora kekuna a mota ku wuce wani yanki, ku ɗora, ba gardama.

Za ka ji sunan wurare da yawa na farawa da Mayo, wato kogi da Fulatanci, kuma ba a banza ba, ruwa ne ko'ina. A Bali za ku tarar da kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa. Na san halinka, kana ganin ruwa garai-garai bayan ka sha rana za ka tuɓe riga. Kada ka shiga sai inda ka ga mutanen gari na shiga. Akwai kada, a wasu gurabun akwai dorina. Sannan a bakin rafuffuka masu gudu akwai wani ɗan baƙin ƙuda da cizonsa ke kawo makanta a hankali, na ga ƙauyukan da yara ke jan iyayensu da sanda saboda shi, kafin a fara rabon maganin Mectizan. Ka sa riga mai dogon hannu, mai hasken launi, domin tsando ma baƙi da shuɗi yake bi.

A Serti ne ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000. In kuna son shiga ku karɓi izini, a haɗa ku da ma'aikaci, ku bi bayansa. Akwai ɓauna, akwai gwaggon biri, da birin nan mai kama da mutum. Dutsen Chappal Waddi, mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, yana can kan iyaka da Kamaru. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, ku bar shi sai wani zuwan.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Wannan rana ɗaya ce sukutum, kada ku haɗa ta da komai. Hanya na nannaɗe jikin dutse kwana bayan kwana, sai ka ɗauka ka kai, ka sha kwana ka ga wani tudun na jiran ka. Tsakanin Serti da Maisamari za ku tashi sama da mita 1,000, tudun Mambila kansa yana wajen mita 1,600. In ƙafa ta gaza ka sauka ka tura, ni ban taɓa hawansa ba tare da na tura ba. Ka ajiye rigar sanyi a saman kaya, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga jiƙaƙƙiyar riga ga iska. Ruwan alwala a Nguroje da asuba sai ka yi ta maza. Kuma kai matafiyi ne, Allah ya sauwaƙa maka, ka yi ƙasaru.

Hawan bai dame ni ba, gangara nake jin tsoro. Ba ka taɓa jin cikakken labarin ƙafar nan ba. A 1983 cutar bushiya ta auka wa shanu a Arewa, ta yi ɓarna mai yawa, dalilin tura ni can ke nan. Shekara biyu bayan haka, cikin watan Agusta, na tashi daga Nguroje zan je wata ruga rigakafi, allurar na cikin fulas da ƙanƙara ɗaure a kariya. Sauri nake kada ƙanƙarar ta narke. Kekena Raleigh ne mai birkin ƙarfe. An kwana ana ruwa, jar ƙasar ta zama kamar sabulu. Na kama wata gangara da na bi ya fi sau ashirin, a ƙasanta akwai ƴar gadar katako. Na matse birki, robar ta jiƙe, sai kawai na ji tana shafar wili tana ƙugi, keke na ƙara wuta. Na sa ƙafa ƙasa, kuskuren ke nan. Abin da na tuna bayan haka, ina kwance cikin rafi, tayar baya na ta juyawa a sama, fulas ya fashe, ƙafata ta juya inda bai kamata ba. Wani dattijon Bafulatani da ya ji ƙara ya zo ya ɗora ni a dokinsa, shi ya taka a ƙasa har gari. Wata uku ban taka ba, shanun rugar kuma ba su sami allura ba sai da wani ya je.

Na san kekunanku na yanzu masu giya ne, birkinsu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Duk da haka kafin ku tashi ka kai shi wurin bakanike ya sa sabuwar robar birki da sabuwar waya, ka riƙe wasu a jaka tare da tib biyu, da kayan faci, da famfo, da ɗan guntun sarƙa, don a can masu gyaran babur sun fi masu gyaran keke yawa. In kana gangarowa ka yi aiki da birki biyun tare, ka matsa ka saki, kada ka riƙe shi tun daga sama har ƙasa. Ka riƙa tsayawa kana taɓa ƙarfen, in ya yi zafi ka jira ya huce. Hular kwano ba ta barin kanka. Manyan motoci na saukowa da shanu da katako, birkinsu na hayaƙi, kuma a kwana sukan cinye hanyar duka. Da ka ji gurnaninsu ka sauka gefe. In hazo ya rufe, wanda yakan yi ba sallama, ku tsaya cak. Kuma kada ka ɗauka in ka kai sama an gama, daga Maisamari har Gembu tudu ne da kwari, tudu da kwari. Shi ya sa nake so ku ɗaga tafiyar zuwa tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Damina a can doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba.

Sai mutane. Akwai Mambila, da Fulani, da Kaka, da Kambu, da Panso, Fulatanci ne ya haɗa su a kasuwa, Hausa ma na yi. Ka koyi "a waali jam" da safe, da "mi yetti" in an yi maka alheri. Inda dare zai same ku, ku nemi Jauro, wato mai garin, ku gabatar da kanku, kada ku kafa tanti a daji ko ku tsallake wayar shingen wani. Batun fili tsakanin manoma da makiyaya rauni ne da bai warke ba, an zubar da jini a 2017. Kai baƙo ne, in an ɗauko zancen ka yi addu'ar zaman lafiya ka yi shiru. Kada ka tambayi makiyayi yawan shanunsa, kada ka ɗauki hoton matan mutane ba izini. Katin shaidarka ya zauna a aljihu, iyaka na kusa. Yankin ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama Nijeriya, aka sa masa Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar Gembu ta gada.

In kun sami sarari ku ratse Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, kurmi ne mai duhu a tsakiyar tsaunukan ciyawa. A ƙasan Gembu kuma kogin Donga yake, a zamaninmu a kwalekwale muke sa keke mu haye. In har yanzu haka ne, ka kwance kaya daga jikin keken, ka zauna inda mai jirgi ya ce.

Kullum in kun sauka ka kira Innarka, in ba sabis ka aiko saƙo ta wayar direba. Ta ce in gaya maka ka biya Kakara, inda ake noman shayi, ka sayo mata ganye. Ni zuma nake so, kwalba biyu, ka naɗe su cikin rigar sanyi.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.