Malam Edita, rigar batir ba tamu ba ce, a bar mu da fawa bank

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah a ɗan tsakura min fili in tofa albarkacin bakina kan bayanin da na karanta a shafinku na kimiyya da fasaha, inda marubucin ya ba da shawarar cewa duk wanda wayarsa ke saurin shan caji ya nemi irin rigar wayar nan mai batir a cikinta, wai ta fi fawa bank sauƙin ɗauka kuma ba ruwanka da jan igiya. Ni gyaran waya nake yi a nan Jos wajen Terminus, kuma ba raini ba, wannan shawara ce ta mutanen ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta.

Ita fa rigar nan an yi ta ne don mutumin da ya fita aiki da safe, la'asar na yi cajinsa ya yi ƙasa, yana buƙatar ɗan abin da zai kai shi gida ya jona a bango ya kwanta. Wato tun farko an ɗauka cewa in ka koma gida akwai wuta. To mu nan wa ya ba ka wannan tabbacin? Ko 'yan Band A da aka ƙara wa kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 alƙawarin awa 20 aka yi musu ba 24 ba, balle mu na Gangare da Rikkos da Anguwan Rogo da Nasarawa. Kowa ya tuna watan Oktoban 2024 da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala aka yi sama da mako guda cikin duhu daga Jos har Kano har Gombe, lokacin nan duk mai janareta ya zama sarki, shagunan cajin waya layi har bakin titi, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023 dole su ma masu cajin suka ƙara kuɗi. A irin wannan hali me rigar da ke ɗauke da 3,000mAh ko 5,000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) za ta tsinana maka, kafin gari ya waye ita da wayar duk sun mutu tare.

Sannan akwai abin da marubucin bai duba ba, wace waya ce ma ake yi wa wannan rigar? Tun da kamfanin Mophie ya fara yin ta a zamanin iPhone na farko-farko har yau kusan duk ta iPhone ce da manyan Samsung. Ka tsaya a bakin shagona daga safe zuwa magariba ka ga abin da ake kawo min, Tecno ne, Infinix ne, itel ne, sai Redmi da ƙananan Samsung, kuma waɗannan duk shekara sai an fito da sabuwa mai wani girma daban da kyamara a wani waje daban, wane kamfani ne zai zauna yana ƙera musu riga mai batir? Ko ka samu ma wacce ta yi maka daidai, ranar da ka canza waya ranar ta tashi aiki, kamar ɗinkin sallar yaro ne, baɗi ya yi masa kaɗan. Kuma mu a nan an san yadda muke da waya, yau ka saya, gobe lalura ta taso ka sayar ko ka yi suwaf ka cika kuɗi, ko a zare maka ita a cikin keke, Allah dai ya tsare. Masu iPhone ma ba su tsira ba, a 2023 da iPhone 15 ta fito aka sauya bakin caja daga Lightning zuwa Type-C, duk wata tsohuwar riga ta zama tarkace. Shi kansa Apple da ya fito da tasa rigar a 2015 daga iPhone 11 bai sake yi ba, sai ya koma na maganaɗisu da ake manna wa a bayan waya a 2021. In masu abin sun bar shi mu me ya kai mu.

Babban dalilina ma ba wannan ba ne. A gidajenmu caji ba na mutum ɗaya ba ne. Fawa bank guda maigida zai jona tasa, uwargida ta karɓa, yaro mai shirin JAMB ya saka tasa, Hajiya tsohuwa a saka mata 'yar ƙaramarta mai madannai, a saka tocila a saka rediyo a saka MiFi ('yar na'urar raba intanet), wani har ƙaramar fanka, maƙwabci ya aiko yaro wai dan Allah a ba shi aro na minti goma (wanda ba ya taɓa zama minti goma). Masu POS da suka cika Ahmadu Bello Way da Bauchi Road da ita suke riƙe da na'urar da wayar gaba ɗaya, in ta mutu ciniki ya tsaya. Riga kuwa waya ɗaya take yi wa aiki, ita ɗin ma sai in ƙirarsu ɗaya. Kuma fawa bank za ka iya barinta a shagon caji ko wajen mai sola ka tafi harkarka da wayarka a aljihu, da yamma ka biyo ka karɓa.

Sai maganar zafi wanda mu masu gyara mu muke ganin sakamakonsa. Ba abin da ke tsufar da batirin lithium kamar zafi, to ka haɗa batir biyu jiki da jiki ka lulluɓe da roba, ɗaya na ba da wuta ɗaya na karɓa, kai kuma kana kan TikTok ko kallon ƙwallo, ina zafin zai bi ya fita? Mu a Jos ma da sauƙi saboda sanyin garin, amma ka kai wannan haɗin Abuja ko Lafiya a watan Maris ka gani. Mu namu matsalar ta hunturu ce, Disamba da Janairu za ka ga mutum ya zo yana cewa wayarsa tana kan 30 sai ta ɗauke ɗif da asuba, wannan tsohon batir ne sanyi ya tona masa asiri, yawancin batiran waya bayan an cika su an juye kamar sau 500 ƙarfinsu yana komawa wajen kashi 80 cikin 100. Maganinsa a canza batir mai kyau, ba a ɗaura masa wani a baya ba.

Ba wai ina cewa fawa bank ba ta da nata aibin ba ne fa. Kaso mai yawa na bakin cajar da nake canzawa ita ce sanadi, mutum ya jona ya cusa su biyun a aljihun kaftani ya hau keke ya zauna a kai, igiya ta lanƙwashe bakin ya saki. Nan kam riga ta fi ta, na yarda. Kuma wanda yake da iPhone yana aiki a ofis a Abuja, gida akwai inbata, abin da yake so kawai kar wayarsa ta mutu a go-sulo kafin ya kai Kubuwa, shi ya je ya sayi rigarsa ba wanda ya hana shi. Amma su nawa ne a cikin masu karanta jaridar nan?

Inda nake so jaridarku ta sa ido shi ne ƙaryar lambobi da ake rubutawa a jikin fawa bank, don nan ne ake cutar talaka da gaske. Ko orijinal ce ma mutane ba su fahimci lissafin ba. In an rubuta 10,000mAh, an auna ne a kan 3.7V (V ma'aunin ƙarfin wuta ne) na batirin da ke ciki, ita kuma wutar da za ta fito ta bakin USB sai an ɗaga ta zuwa 5V, daga nan lissafi ya dawo 7,400, a cire wanda ya tafi a zafi sai ka ga abin da ya rage bai wuce 6,000 da 'yan kai ba, kamfanoni masu tsoron Allah suna rubuta wannan lambar ta biyu da ƙananan baƙi a baya ko a jikin kwali. Shi ya sa mai Infinix ko Tecno mai 5,000mAh yake sayen ta 10,000 yana tunanin cikawa biyu, sai ya ga sau ɗaya ta cika ta ɗan ƙara, ya dawo yana zagin mai shago alhali ba a cuce shi ba. Ta 20,000 ita ce za ta ba ka kusan sau uku in an yi sa'a.

Waɗanda ake cuta su ne masu sayen wacce aka rubuta 50,000mAh ko 80,000mAh a baro ko a go-sulo, ka ɗauke ta a hannu sakayau, ga tocila ga ɗan gilashin sola a baya, kuɗinta bai kai na orijinal mai 10,000 ba. Haba jama'a. Batir nauyi gare shi, irin zagayayyen nan 18650 da ake jerawa a ciki ɗaya ba ya wuce 3,500mAh in mai kyau ne kuma nauyinsa ya kusa giram 50, to ka lissafa nawa za a jera kafin a kai 50,000, abin sai ya doshi kilo guda. Na sha buɗe irinsu a shago in tarar da batir ɗaya ko biyu ne ke aiki, sauran ko waya ba a haɗa musu ba, wani ma yashi aka ɗura don a yi nauyi. Shi kuma ɗan solar nan ado ne kawai, in da shi za ka dogara sai ka yi kwanaki kana shanya ta, kafin nan ranar ta gasa batirin ya kumbura. Araha dai ba ta ado. Kuma irin waɗannan ba su da abin da ke yanke wuta in ta cika ko in ta yi zafi, su ne ake sakawa ƙarƙashin filo a kwana da su a ɗaki da yara, ko a bar su a gaban mota cikin rana. Duk wadda ka ga cikinta ya fara ɗagowa ko tana zafin da ba ka iya riƙe ta, dan girman Allah ka daina jona ta, kar ka huda kar kuma ka ba yara su yi wasa da ita.

Maniyyata da masu zuwa Umara su ma a tuna musu, don duk shekara sai an zo ana tambayata. Ba a saka fawa bank a babbar jaka da ake aunawa, a jakar hannu ake riƙe ta, kuma ƙa'idar jiragen sama ita ce kar ta wuce 100Wh (shi ma wani ma'aunin batir ne), wato wajen 27,000mAh, sai da izinin kamfanin jirgi, ta 20,000 tana 74Wh ba matsala. To wanda ya je da mai 50,000 a rubuce, ko da ƙarya ce a ciki, abin da aka rubuta za a duba a karɓe.

Roƙona Malam Edita, maimakon kawo mana shawarar kayan da ko a kasuwarmu sai ka sha wuya kafin ka gani, ku tura wakilinku ya zaga Terminus da Banex a Abuja da Farm Centre a Kano, ya sayi fawa bank kala-kala daga mai tsada har ta baro, akwai 'yar na'urar gwaji ta USB da ake jonawa tsakanin fawa bank da waya tana nuna ainihin abin da ya fita, ba ta da tsada kuma yawancin masu gyara suna da ita. Ku buga abin da aka rubuta a kwali da abin da na'urar ta nuna gefe da gefe, sannan ku ɗauki sakamakon ku kai wa hukumar SON mai kula da ingancin kaya da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ku tambaye su ta ina waɗannan kayan suke shigowa. In wakilin naku ya iso Jos ya tambayi masu gyaran waya na Terminus, za mu buɗe masa su a gabansa ya ɗauki hoto.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran waya,
Terminus, Jos.